Tsohon Direba na Zauren Masu Jinya

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da wannan aikin kwamfuta naka da ba ya barin mutum ya ɗaga waya. Idan kun yi magana da Goggo mahaifiyarka ka gaishe min da ita. Kada ka ce sai da buƙata nake nemanka. Kakata da kakanka na wajen uwa ciki ɗaya suka fito, don haka ko ka ƙi ko ka so ni Yayarka ce, dole ka saurare ni.

Inna da sauƙi. Hannun hagu da ƙafar har yanzu ba su motsa ba, amma bakin ya ɗan saki. Jiya ta ce min "gishiri" sarai, wai na cika shi a miya, na yi ta murna kamar an yabe ni. Yaya Babba, babban wana, ya zo ranar hutu, ya sake tayar da zancen mai da ita gidansa, wai akwai ɗaki babba ga mai aiki. Inna ta kama bakin zanena da hannun mai lafiya, ta ƙi saki har ya tashi ya tafi.

To ga abin da ya sa na zauna ina buga maka wannan a ofishin makaranta, a lokacin da ya kamata in buga jarrabawar 'yan aji uku. Dandalin nan da ka gina min a intanet, wanda muka sa wa suna Zauren Masu Jinya, kyau kam ya yi kyau, amma ba kowa a ciki sai ni. Na bi masu zaman jira a asibitin da ake yi wa Inna gashin ƙashi na raba musu adireshin, na liƙa shi a kantin magani. Mutane sun shiga, ina ganin sunayen aronsu suna ƙaruwa, amma ko tari ba wanda ya yi. Na rubuta barka da zuwa, shiru. Na rubuta dogon bayani a kan gyambon kwanciya, shiru. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki, shi ma tambaya ya yi ko ina sayar da keken marasa lafiya.

Ni abin da na so, wurin da mai jinyar uwa ko miji zai sauke abin da ke ransa ba tare da an toshe masa baki da "yi haƙuri, lada ne" ba. Ga ni nan ina hira da bango.

Kai ka san kan abin nan, ka koya min. A rubuce nake so, don in ka yi min bayani a waya, kafin in kai bakin ƙofa ya zube.

Yayarka

*

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Lafiyata ƙalau. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ki ce mata ina bayanta a maganar gishirin nan, na taɓa cin girkinki.

Na karanta rubutunki na gyambon kwanciya. Yaya, wannan ai sanarwa ce daga ofishin shugaban makaranta. Wa yake amsa sanarwa? Tambaya za ki riƙa yi, ƙarama, wadda mutum zai iya amsawa da hannu ɗaya alhali ɗayan yana riƙe da cokali. Ki tambaye su da me suke lallashin majinyaci ya sha magani. Kowa yana da abin cewa a nan, kuma ba wanda zai ji kunya.

Duk wanda ya yi magana karon farko, ki amsa masa a ranar, ki kira sunansa, ki sake jefa masa wata tambayar. Wanda aka bari maganarsa ta kwana ba amsa, ba zai dawo ba. Dokoki kuma kada ki jera su kamar na ɗakin jarrabawa. Ba tallar magani, ba zagi, abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure. Ya isa. Masu tallar magani za su zo, ba makawa, suna jin ƙanshin masu ciwo daga nesa. Makullin kula da shafin yana hannunki yana hannuna, akwai wurin da za ki danna ki kori mutum, na zana miki hotonsa a ƙasa.

Saura guda, kuma na san za ki ɓata fuska. Mutum ba ya son ya zama na farko da zai yi magana a wurin da ba ya jin motsin kowa. Ki ƙirƙiro sunaye biyu ko uku, ki riƙa tambaya da wannan kina amsawa da wancan, har mutanen gaske su saki jiki. In zaure ya cika sai ki bar sunayen su ɓace a hankali. Da yawa daga cikin masu irin wannan shafi haka suka fara, ba wani abu ba ne.

Ki gwada ki ba ni labari.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe min jinkirin amsa, hannuna ne ya cika, kuma da alheri ya cika. Inna tana nan yadda ka sani, sai dai ta koyi jefar da cokali in ba ta son abu.

Shawararka ta sunayen ƙarya na ajiye maka ita, ka zo ka ɗauki abarka. Masu jinya ƙarya ta ishe su. Likita ya ce "za a gani," dangi su ce "muna nan tafe," mu ma mu ce wa majinyaci "ka kusa miƙewa." Ba zan buɗe wuri don gaskiya in fara shi da ƙarya ba. Sauran shawarwarin kuwa na bi, kuma Allah ya yi maka albarka.

Na yi tambayar maganin nan. Washegari sai ga amsa daga wani mai suna Tsohon Direba. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yanzu matarsa yake jinya, shekara da shekaru. Wai in lokacin magani ya yi sai ya ce mata, "Fasinja, an iso shingen bincike, a fito da harshe." Wallahi ina ofis na tuntsire da dariya. Kafin yamma mutanen da suka yi makonni ba su ce uffan ba sun fito, kowa da tasa dabarar. Shi ya koya mana ninka zanen gado a shimfiɗa ƙarƙashin majinyaci, a ja da shi a juya mutum ba tare da baya ya ƙage ba. Yana kiran abin juya kan mota. Tun da na fara haka bayana ya daina tashina da safe.

Shi ne kuma ya kawo abin da muke kira Ranar Tsaki. Duk Litinin kowa ya rubuta abu ɗaya da ya ƙona masa rai a makon, kuma an hana kowa amsawa da "yi haƙuri." Sai dai a ce "mun ji." Auta, ka ga abin da mutane suke saukewa! Akwai wani Mai Walda, saurayi ne, yana jinyar uban da bai taɓa yi masa magana mai daɗi ba. Ya rubuta cewa ya haɗa jakarsa zai gudu. Direba ya zauna da shi a rubuce, bai yi masa wa'azi ba, ya dai tambaye shi wa zai ba tsohon ruwa gobe, da kuma wa yake ba shi shi kansa. Yaron yana nan bai tafi ba.

Masu tallar maganin sun zo kamar yadda ka ce. Na kori na farko da ƙyar, na biyu kuwa ko a jikina. An yi faɗa tsakanin wata Malamar Lissafi da wani Mai Kanti a kan ko ya halatta a kulle wa majinyaci ƙofa a fita kasuwa. Na ga abin zai zama zagi, na ja kowannensu gefe ta saƙon sirri, na bar batun a buɗe. Yanzu su ne suke gaisawa kafin kowa.

Ni ma nakan rubuta wa Direba ta saƙon sirri in abin ya taru min. Tun rasuwar Baba ban samu babban da zan yi wa magana ya ji ni ba sai shi. Baba Direba nake ce masa. Ka ga, ba a yi ƙarya ba kuma zaure ya cika.

Yayarka

*

Yaya,

Na gode da wasiƙa, na ji daɗin labarin zaure. Ina lafiya, aiki ne dai. A gaida Inna.

Darasi na gaba shi ne kada ki bar zauren ya jingina da mutum ɗaya. Ki zaɓi mataimaka cikin waɗanda suka fi zuwa kuma ba su da saurin fushi. Malamar Lissafin nan da Mai Kanti za su yi, tunda sun san zafin faɗa sun kuma san sulhu. Direban nan tsoho ne, wata rana zai gaji ya daina zuwa, ya kamata mutane su saba da juna ba da shi kaɗai ba. Ke ma ki rage yawan rubuta masa. Ba ki san shi ba, Yaya.

Sannan ina so in tambaye ki, kuma ki ba ni amsa ta gaskiya. Kina samun barci kuwa? Yaushe rabon da ki fita ba asibiti ba, ba makaranta ba? Ko na mako biyu ne a karɓe ki, ba laifi ba ne. Na damu da ke.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka don an koya min gaisuwa, ba don raina yana so ba. Inna lafiyarta ƙalau, ba ta san abin da ake ciki ba tukuna.

Da na karanta wasiƙarka ta ƙarshe dariya na yi, na ce Auta yana kishin tsoho ya fi shi farin jini a shafin da ya gina. Ban amsa ba don na ɗauka ba abin gaggawa. Ashe kai ka san abin da ka sani.

Ranar Asabar Yaya Babba ya zo, tare da Goggo. Ban kawo komai a raina ba, na kawo musu ruwa. Goggo ta ce in ja ƙofar Inna. Sai ta kama hannuna tana hawaye, ta ce, "'Yar nan, ashe har kin kai ki tsaya a bakin ƙofa da bokitin wanka kina sauraron numfashinta, ba ki san wanne kike fata ki ji ba?"

Auta, na zare hannuna daga nata. Wannan maganar tawa ce, kalma da kalma. Na rubuta ta wata safiya da Inna ta ɓata shimfiɗa sau biyu kafin in tafi aiki, ta kuma jefe ni da kofi. Mutum ɗaya na rubuta wa a duniya, Baba Direba, ta saƙon sirri. Ya amsa min cewa duk wanda ya daɗe yana jinya ya taɓa tsayawa a wannan ƙofar, kuma wanda ya tsaya ya shiga da bokitinsa ya fi wanda bai taɓa zuwa ba. Na yi kuka na share ido, na shiga na yi mata wanka.

Yaya Babba bai ji wannan ɓangaren ba. Shi abin da ya ce, wadda take jiran numfashin uwarta ya yanke ba a bar mata uwa. A gabana ya faɗa, yana kaɗa makullin mota. Mutumin da bai taɓa wanke mata ko tafin hannu ba. Ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta, kuma dangi duk sun yarda.

Mu biyu ke da makullin shafin nan. Ni ban kai kaina ƙara ba. Kai ne ka shiga ka karanta saƙonnin mutane, ka kwashi nawa ka kai wa mahaifiyarka. Kai da ka rubuta min da hannunka cewa abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure. Na wa kuma ka karanta? Na Mai Walda? Na matar da ta ce ba ta iya kallon mijinta?

Abin da ya fi ci min rai, bawan Allahn nan. Shi ma ya faɗa min abubuwa a kan matarsa da bai faɗa a fili ba. Na rubuta masa na ba shi haƙuri, na ce wani ɗan'uwana da na amince wa ya leƙa hirarmu, laifina ne da na bar makulli a hannun yaro. Har yanzu bai amsa ba, kuma bai zo Ranar Tsaki ba. Ka kore min shi.

Ka amsa min.

Yayarka

*

Auta,

Shiru ka yi, to ba komai, na samu amsar a wani wurin.

Na kira wayarka har na gaji. Jiya na bar Inna da maƙwabciya na tafi gidan Goggo, in roƙe ta ta sa baki Yaya Babba ya janye. Na same ta tana ninke kaya. Na ce mata abin da ɗanta ya yi bai dace ba, ya karanta wasiƙar da ba shi aka rubuta wa ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta tana kallona da mamaki, ta ce, "Wace wasiƙar wani? Ai shi kika rubuta wa. Shi ne fa tsohon direban. Ya ce min tun farko ya ga shafinki ba kowa, ya ari sunan tsoho yana taya ki hira. Ni na ɗauka kin sani."

Har da ɗan murmushinta, tana alfahari da ɗanta mai dabara.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na zauna a tashar mota, motarmu ta zo ta wuce ina kallonta. Ina ta tuno abubuwan da na rubuta. Na faɗa maka yadda jikin Inna ya koma. Na faɗa maka abin da ya raba ni da mijina, wanda ko Inna ban faɗa wa ba. Na kira ka Baba. Yaron da na taɓa goyawa a taron dangi, na kira shi Baba, shi kuma ya amsa.

Kuma na zauna na rubuta maka wasiƙa ina yi maka burga cewa ba a yi ƙarya ba zaure ya cika. Ka karanta, ka ce ka ji daɗin labari.

Mai Walda yana tambaya kullum ko Baba Direba lafiya, ko matarsa ce jiki ya tashi. Me zan ce masa?

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na fara wasiƙar nan na goge ban san sau nawa ba. Wayarki ina gani, kunya ce ta hana ni ɗauka.

Gaskiya ne, ni ne. Amma ki bar ni in faɗi yadda aka yi. Na ga kin ƙi shawarata, na kuma san in aka ƙara wata guda a haka za ki rufe shafin ki koma ke kaɗai. Na ce bari in yi rubutu biyu ko uku in tayar da hira in janye. Ban zaci za su kama shi haka ba. Da na so in daina, Mai Walda ya riga ya haɗa jaka. Ke da kanki, da kin ga wannan saƙon, za ki iya yin shiru?

Kuma ba duka ne ƙarya ba. Kakana na wajen uba direba ne, ya yi jinyar kakata har ta rasu, a ɗakinsu na girma. Shingen bincike nasa ne, zanen gado nasa ne. Abin da na ji yana faɗa nake rubutawa, inda ya ƙare kuma in tambayi kaina me zai ce. Wanda ya taimaki mutanen nan mutum ne na gaske, bakinsa kawai na ara.

Saƙonki na ƙofa kuwa, Yaya, tsoro ya ba ni. Na amsa miki da bakin tsoho, amma ni ba tsoho ba ne, ban taɓa jinyar kowa ba, ban san ko irin maganar da ake faɗa a wuce ba ce ko wadda ake tashi tsaye a kanta. Na tambaye ki da sunana ko kina barci, ba ki amsa ba. Sai na kira Mama na karanta mata, don ta zo ta karɓe ki na ɗan lokaci. Wallahi ban ce ta kai wa Yaya Babba ba. Na kira shi na yi masa bayani, ya ce yaro ba ya sa baki a maganar manya, ya kashe waya.

Game da zaure, ina roƙonki kada ki faɗa musu. Zai rushe, kuma suna buƙatarsa. Ki bar ni in yi rubutu ɗaya na ƙarshe, Direba ya ce matarsa ta rasu, zai koma wurin 'ya'yansa, ya yi wa kowa sallama. Za su yi baƙin ciki su wuce, ba wanda zai ji an yaudare shi. Ke ma wurin da kika sha wahalar ginawa zai tsira.

Ki yafe min. Don ke na yi.

Ƙaninki

*

Auta,

Na samu wasiƙarka. Ina fatan kana lafiya.

Na karanta roƙonka har sau biyu don in tabbatar idona ne. Wato mutanen da kowannensu yake kwana da tsoron ranar da nasa zai tafi, su za ka sa su yi makokin matar da ba a taɓa haifa ba. Ka yi ƙarya ka shigo, kana so ka yi wata ka fita. Na cire ka daga masu makulli kafin in gama karantawa. Wurin da ka zana min hotonsa na danna. Sunan Direba ma na rufe shi, rubuce-rubucensa dai na bar su, don dabarar zanen gado ba ta yi wa kowa laifi ba.

Na faɗa musu. Na rubuta da sunana cewa Tsohon Direba ɗan'uwana ne, saurayi, mai aikin kwamfuta, cewa ban sani ba, kuma duk wanda ya aika masa saƙon sirri ya san wanda ya karanta. Ban kare ka ba, ban kuma zage ka ba. Na sa maganar kakanka, don gaskiya ce. Wasu sun fita a ranar ba sallama. Matar nan da ba ta iya kallon mijinta ta goge duk abin da ta taɓa rubutawa. Malamar Lissafi da Mai Kanti sun tsaya, su suke amsa wa mutane yanzu, ni ba na iyawa. Mai Walda layi ɗaya ya rubuta. Ya ce, "Na faɗa wa babana na samu wani uba a waya, don in ƙona masa rai." Bai sake shigowa ba, kuma ba ni da lambarsa.

Ka ce don ni ka yi. Na yarda. Da mugunta ka yi da abin ya fi min sauƙi. Da ka ji tsoro, ni ya kamata ka kira, ka ce Yaya ni ne, na karanta, na tsorata. Da na zage ka tas, da kuma Inna tana ɗakinta.

Sun zo sun ɗauke ta ranar Lahadi da hantsi. Na yi mata wanka na taje mata kai, na haɗa magungunanta na rubuta lokacin kowanne a jikin kwalinsa. Na nuna wa mai aikin Yaya Babba yadda ake ninka zanen, tana kallona tana taunar cingam. Inna ba ta gane ba sai da suka ɗaga ta. Ta kira sunana, sarai, karo na farko tun da ta faɗi. Ta yi ta kira har aka rufe ƙofar motar. Yaya Babba ya ce in riƙa zuwa ranar hutu, amma in kira tukuna.

Na tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Na koma ciki, na zauna a gefen katifar, robar shimfiɗar tana nan da ɗuminta. Na ciro waya na buɗe akwatin saƙo, na rubuta, "Baba Direba, sun tafi da ita." Sai da na kai ƙarshen layin na tuna wanda zai karanta.

Kada ka sake rubuto min yanzu. Ban san da wa zan yi magana ba in na amsa.

Yayarka